Ranar da Doña Uberlinda Ba Ta Hura Wuta Ba

A mashigan kudancin Chile, inda teku ke kutsawa tsakanin duwatsu har ya ƙure, ba a tambayar lafiyar mutum da baki. Hayaƙinsa ake dubawa. In ka shigo lungu a kwale-kwale ka hango hayaƙi na tashi daga bututun rufi, mai gidan na nan da ransa, ɗaga hannu ka wuce. In ka ga rufi shiru, sai ka kashe inji ka sauka, ko da tsakaninku akwai gabar shekara ashirin. Haka muka taso muka tarar, kuma ba wanda ya taɓa rubuta shi a takarda.

Uberlinda Cárcamo tana da shekara goma sha tara ta baro tsibirin Chiloé, ta biyo mijinta Audilio Chiguay, mai saran itacen sipres. Ta iske gida goma sha ɗaya a lungun, duk na katako, kowanne tsaye kan ƙafafunsa saboda ƙasar wurin ba ta ɗaukar sawu, ka taka ta sai ta tsotse maka takalmi. Ruwan sama ba a sa shi cikin labari, ranar da aka ga rana ake tunawa. Maza su shiga daji da gatari, mata su kyafe kifi, su yi ta rarrashin dankali a 'yan akwatunan ƙasa. Ta haihu sau uku, Allah ya bar mata ɗaya, Erminda. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, da baki kamar reza, kuma a iya sanina ba a taɓa jin ta ce wani abu ya fi ƙarfinta ba.

Sai wurin ya fara zubewa. Itacen da ke kusa ya ƙare, na nesa aka hana sara. Malamar makaranta ta tafi hutu, ba ta dawo ba. Mu kuwa mutanen tsibiri in za mu ƙaura ba ma barin gida a baya. A kan tara maƙwabta, a ɗaure gidan da igiya, a jawo shi bakin ruwa, a ɗora kan gungume, kwale-kwale ya ja shi. Gida goma Uberlinda ta taimaka aka tura cikin teku da hannunta, ta tsaya tana kallon kowanne yana tafiya da labulensa a taga har ya sha kwanar dutse. Da aka zo kan na goma, ita da Audilio da masu gidan ne kawai suka rage masu jan igiya.

Audilio ya rasu shekara takwas da suka wuce. An binne shi a ɗan tudun da ke bayan gida, nan ne kaɗai shebur ke iya shiga. Dajin nan ba ya jiran kowa. Shekara biyu in ba a sa hannu ba, gansakuka da ƙaya sun haɗiye kabari har da gicciyensa, sai ka rantse ba a taɓa binne mutum a wurin ba. Don haka duk Lahadi takan hau da adda ta share, ta kankare sunansa da bakin cokali, ta ba shi labarin kaji.

Erminda, wadda ke aiki a gidan wanki da guga a Punta Arenas, ta zo jana'iza da niyyar komawa da uwarta. Har ɗaki ta gyara mata. Aka yi kwana uku ana kai ruwa rana.

"Mamita, in kika faɗi kika karye, wa zai sani? Kaji?"

"In na tafi, wa zai san inda ubanki yake? Ke da ko adda ba ki iya riƙewa?"

Wanda ya raba gardamar shi ne Nibaldo Oyarzo. Ɗan lungun ne, gidansu ne na huɗu da ya tafi kan ruwa, kuma shi ya riƙe Erminda ranar baftisma, tun daga nan shi da Uberlinda suke kiran juna compadre da comadre. Yanzu shi ne shugaban ma'aikatan bene a wani jirgin masu yawon buɗe ido, wanda ke ratsa mashigin duk Laraba daga Oktoba zuwa ƙarshen Maris, yana kai baƙi kallon bangon ƙanƙarar da ke can ƙuryar ruwan. Nibaldo ya roƙi kyaftin, aka yi sharaɗi. Duk Laraba za a duba rufin Uberlinda da madubin hangen nesa. In akwai hayaƙi, jirgi ya busa ƙaho sau ɗaya ya wuce. Ranar da babu, a sauke kwale-kwale, kuma ko a wane hali aka same ta, a tafi da ita, babu musu. Da hunturu kuwa sai ƙaramin jirgin da ke kawo fulawa da magani sau ɗaya a wata biyu. Erminda ta yarda tana kuka. Uberlinda ta ɗora hannu kan gicciyen mijinta ta rantse, don ta tabbata ranar ba za ta zo ba.

Shekara takwas hayaƙinta bai yi fashi ba. Har ado take yi masa. Da safiyar Laraba sai ta cusa ɗanyen ganye a murhu ya tashi fari tas, ta yafa jan mayafinta na ulu, ta fito ta tsaya kan katakon bakin ruwa tana haɗe rai kamar an tilasta ta.

Jirgin fari ne, hawa biyar. Yakan shigo a hankali wajen ƙarfe goma sha ɗaya, baƙi sun jeru a bene cikin riguna masu launin lemo, kowa da abin ɗaukar hoto. Sauti a kan ruwan nan yana tafiya nesa, don haka duk abin da mai yi musu bayani ya faɗa a lasifika, a kunnenta. Labari ɗaya ne kullum, a daidai dutse ɗaya yake farawa. Wai shekara ɗari huɗu da wani abu da suka wuce, matuƙan Sifaniya sun shigo mashigan nan a jiragen katako suna neman hanyar da za ta fitar da su ɗaya tekun. Su shiga wannan lungu su yi kwanaki, su tarar da dutse ko ƙanƙara ta tare gaba, su juyo, su shiga na gaba. Dasashinsu ya ruɓe don rashin ɗanyen abinci, har fatar da ke jikin igiyoyi suka dafa. Shi ya sa taswirar yankinmu ta cika da sunayen da mutanen da ransu ya ɓaci suka raɗa wa wurare: nan Fatan Ƙarshe, can Tashar Yunwa.

Uberlinda ta haddace shi tsaf, har inda mutumin ke yin shiru don baƙi su girgiza kai. Takan ce da kajinta, "Ku ji fa, wai yunwa. A wurin da in ruwa ya janye abinci ke manne a jikin kowane dutse." Kakarta ta wajen uwa jinin mutanen kwale-kwale ce, waɗanda suka yi dubban shekaru suna yawo a ruwan nan da wutarsu a tsakiyar kwale-kwale kan shimfiɗar laka, ba ta mutuwa ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Su ba su taɓa ɓata ba, amma a lasifika jimla biyu ake ba su.

Daga nan sai muryar ta ce, "A hannun hagunku kuma, ga gidan mace ta ƙarshe da ta rage a wannan mashigi." Sai ka ga duk jirgin ya juyo. Ta ɗaga hannu sau ɗaya, ƙaho ya amsa, duwatsu su maimaita shi har sau uku. Takan ce abin haushi yake ba ta, an mai da ita abin kallo kamar dabbar daji. Ƙarya take yi. Daga Alhamis take fara jiran Laraba.

A watan Fabrairun bana karenta Tizón ya mutu, na tsufa. Ba ta san yawan maganar da take yi da karen nan ba sai da ya tafi. Kaji ba sa kallon mutum in yana magana. Rediyonta kuwa mai karɓa ne kawai, da rana takan kunna ta saurari saƙonnin da ake aika wa mazauna lunguna: wane ya jira kaya a bakin kogi ranar Asabar, wance ta sauka lafiya an samu mace. Takan zauna har a gama, ko da ta san babu nata. Wata safiya ta buɗe baki za ta kira kaji, sai wani abu ya fito kamar ƙarar tsohuwar ƙofa. Ta sake gwadawa, ta yi gyaran murya, da ƙyar ta samo muryarta. Ta tsaya da kwanon tsaba a hannu, tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta wanke gawar Audilio ita kaɗai. Kaɗaici ne, kuma ta san sunansa, sai dai ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Larabar ƙarshen Maris ita ce zuwan jirgi na ƙarshe. Bayanta sai wata shida na duhu da ruwa.

Ranar Talata ta gasa burodi, ta wanke daɓen katako, ta goge ƙoƙon shan mate, shayin ganyen da muke zuƙa, da bututunsa na ƙarfe har yana ƙyalli. Sannan ta jawo tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin gado, wai za ta kakkaɓe mata ƙura. Ko da ta farga, ta cika ta da kaya ta ɗaure, ta ajiye bayan ƙofa. Kada a tambaye ni abin da ta ce wa kanta. Zuciya ba ta da ƙashi, kuma tsohuwar da ta yi shekara takwas tana cika baki ba za ta tashi rana ɗaya ta ce ta gaji ba. Abin da take so shi ne a zo a ɗauke ta da ƙarfi. Ta yi faɗa, ta yi zagi, a tuna mata rantsuwarta, a rinjaye ta. Ta haka in Audilio ya tambaya, ba ita ta bar shi ba.

Da gari ya waye Laraba ta zauna gaban murhu da ashana a aljihu, ba ta ƙyasta ba. Tun da ta zo lungun nan, shekara hamsin da biyar, rana ba ta taɓa ɗagawa murhun nan na sanyi ba. Sanyi ya taso ta tsakanin katako ya kama mata gwiwoyi. Ta yafa jan mayafi, ta zauna a tebur ta juya wa taga baya.

Ta ji shigowar jirgin tun daga nesa, wannan gurnanin da kan sa kwanuka rawa a kan kantar bango. Ta ji lasifika ta fara a daidai dutsen. Matuƙan Sifaniya suka shiga lungu na farko suka juyo, suka shiga na biyu. Suna cikin dafa fatar igiya muryar ta yanke. Ƙaho bai busa ba. Can sai ƙarar sarƙa, sai ƙaramin inji yana tahowa da gudu.

Nibaldo ya haura sittin, ga tumbi, amma a guje ya hau katakon. Ya banko ƙofa har ta bugi bango ta tsaya a buɗe, ta rufe jakar ruf. Ya tsaya yana haki, ruwa na ɗiga daga rigar ledarsa, yana kallonta zaune garau da burodi a gabanta.

"Comadre."

"Compadre. A jirgin naku ba a koya muku ƙwanƙwasa ƙofa?"

"Lafiyarki ƙalau?"

"Da ka fi so ka tarar da gawa? Ga ka nan ka ƙara ƙiba, wuyan ma ya ɓace."

Ya zube kan benci ya cire hula. "Kin san addu'a nawa na yi daga jirgi zuwa nan? Ina ta tunanin da wane baki zan gaya wa Erminda. Me ya sami wutar?"

"Itace ya jiƙe."

Ya juya ya dubi bangon bayan murhu, inda itacen tepu ke jere har rufi, busasshe ƙamas, wanda ya isa hunturu biyu. Ya dubi ƙoƙon mate da aka goge, da burodin da aka yanka biyu, da bencin da aka jawo kusa da tebur. Labarin zuciya a tambayi fuska, sai dai Nibaldo rabin labarin ya karanto.

"Yaushe rabon ki da magana da mutum?"

"Tun zuwan masu fulawa. Su ma daga cikin jirgi suka jefo buhu, wai ruwa zai janye ya bar su."

"Ina Tizón?"

"Yana can kusa da maigidansa."

Oba-obar da ke rataye a ƙirjinsa ta yi ƙara. Muryar kyaftin ce, yana tambaya ko a turo ma'aikaciyar jinya da gadon ɗaukar marar lafiya. Uberlinda ta gyara zama. Ta riga ta shirya maganganunta tun jiya: ba inda za ta, sai dai a ɗauki gawarta, ɗan wane ne shi da zai fitar da ita daga gidan mijinta. Ta tattara su a bakinta tana jira ya ce alkawari alkawari ne, tashi mu tafi.

Nibaldo ya dube ta. Sannan ya danna maɓalli.

"Kyaftin, lafiyarta lau, har ta zage ni. Bututun hayaƙi ne ya toshe, tsuntsu ya yi sheƙa a ciki. Ba laifinta ba ne, wannan ba ya cikin sharaɗi. A ba ni minti goma sha biyar in gyara."

Ya saki maɓallin, ya kashe mata ido ɗaya, yana murmushin mutumin da ya yi abin kirki. "Shekara talatin ban taɓa yi wa kyaftin ƙarya ba, sai yau saboda ke. Ni ɗan wurin nan ne, comadre. Na ga yadda uwata ta ƙare a birni, tana zaune bakin taga tana kallon bangon maƙwabta. Ba da hannuna za a raba ki da Audilio ba. Erminda ma ba za ta ji ba."

Kalma huɗu kawai ake bukata. Ka tafi da ni. Ko ma ba sai ta yi magana ba, ta tashi ta tura ƙofar nan ya ga abin da ke bayanta. Ta kalli ƙofar. Ta tagar baya kuma ana hango kan gicciyen a tudu, kusa sosai, ko raɗa aka yi a ɗakin sai ya kai can.

"Na gode, compadre," ta ce.

Shi da kansa ya durƙusa ya jera itace, ya miƙo hannu ta ba shi ashanar aljihunta. Wuta ta kama nan da nan. Ya ɗora buta. Ita kuwa sai bakinta ya ɓalle. Ta ba shi labarin kazar da ke ɓoye ƙwai a ƙarƙashin tsohon kwale-kwale, da dankalin da ya yi tsutsa, da mafarkin da ta yi da uwarsa. Ta tambaye shi ko mai lasifikar nan ba shi da wani labarin ne, shekara takwas mutane na cin igiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce mutumin ɗan Santiago ne, in ruwa ya ɗan motsa shi ke fara amai. Ta tambayi Erminda, ya ce ya gan ta watan jiya, ta yi furfura a gaba, kuma ɗakin nan da ta gyara mata har yanzu ba ta bari kowa ya kwana a ciki ba. Uberlinda ta sunkuya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Ruwa bai yi zafi ba oba-oba ta sake kira. Ta zuba masa haka nan da ɗumi-ɗumi, ya zuƙa sau biyu a tsaye, ya ɓata fuska.

"Wannan ai wankin ƙoƙo ne."

"Wanda ya zo da gaggawa abin da yake samu ke nan."

Ya cusa rabin burodin a aljihu. A bakin ruwa ya riƙe kafaɗunta da hannu biyu. "Amma kada ki sake, kin ji? Tsuntsu ba ya sheƙa sau biyu a bututu ɗaya, kyaftin ba yaro ba ne. In kewa ta dame ki, ki yi waƙa. Sai Oktoba, in muna da rai."

"Sai Oktoba. Ka rage cin abinci."

Ta tsaya kan katakon har aka janye kwale-kwalen sama. Baƙi sun yi cincirindo a hannun hagu, da suka ga hayaƙi ya tashi sai suka hau tafi, tafin ya iso mata a kan ruwa kamar yayyafi a rufin kwano. Ƙaho ya busa sau ɗaya. Lasifika ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ta ɗaga hannu, ba ta sauke ba sai da farin jirgin ya shige bayan dutse.

Ta koma ciki ta rufe ƙofa. Jakar na nan inda ta bar ta. Ta ɗora ta kan gado ta kwance igiyar, ta mayar da takalmin coci mazauninsa, da hoton aurensu kan ƙusarsa, da rigunanta biyu cikin akwati. A can ƙasan jakar akwai safar ulu ƙafa uku da ta saƙa wa Erminda, don ta ji an ce daɓen gidan wanki sanyi gare shi. Ta yi niyyar miƙa mata da hannunta, shi ya sa ko tunanin ba Nibaldo bai zo mata ba. Ta zauna bakin gado da safar a cinya, ta lissafa watannin da yatsu. Kafin Oktoba sanyin ya wuce.